Dandalin Murtala na Kaduna: ina tarihin yake, me za a nuna wa yara?

Wata malamar makarantar sakandare daga Tudun Wada ta aiko da tambaya. Ta ce tana shirin kai ɗalibanta ziyarar ilimi Dandalin Murtala, har ta riga ta je ta dubo wurin, amma abin da ta tarar sabbin gine-gine ne da filayen wasa da wuraren cin abinci. Ba ta ga wani abu da za ta nuna wa yara da yatsa ta ce musu ga tarihi ba. Tana so ta san ko akwai tarihin da ya kai a ɗebi yara a je dominsa, ko kuwa ta haƙura ta kai su gidan tarihi na titin Ali Akilu.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Ki kai su. Gidan tarihin ma ki kai su in lokaci ya ba ki dama. Sai dai ki sauya abin da kike nema kafin ranar. Kin je ne da idon neman tsohon gini, irin ganuwar Zariya ko Gobarau ta Katsina, shi ya sa kika dawo hannu rabbana. A Dandalin Murtala abin tarihin shi ne filin kansa: faɗinsa, inda aka ajiye shi a cikin gari, da irin tarukan da ya ɗauka a shekara ɗari da 'yan kai. In kika riƙe wannan, za ki iya tsayawa a tsakiyar fili da yara arba'in ki koya musu rabin tarihin siyasar Arewa ba tare da kin buɗe littafi ba.

Ki fara musu da abin da suka sani. Duk tsohon birni na ƙasar Hausa yana da dandali a ƙofar gidan sarki. A Kano Ƙofar Kudu ce, a Katsina Ƙofar Soro, a Zariya Ƙofar Fada. Masallacin Juma'a yana gefe, fada tana fuskantar filin, manyan hanyoyin gari suna ɓullowa cikinsa. Nan ake naɗin sarauta, nan ake shela, nan hawan Sallah yake ƙarewa hakimai su kawo jahi. Ba wanda yake tambayar ina za a taru in abu ya faru, ƙafa ta san hanya. Kaduna ba ta da irin wannan wuri, domin ba sarki ne ya kafa ta ba. Ƙasar Gbagyi ce a cikin yankin Zazzau, da ƙauyuka a warwatse a bakin kogi, har Turawa suka zo suka zana gari a kan takarda. Garin da ba shi da fada, amma aka ɗora masa nauyin zama hedikwatar dukan sarakunan Arewa, dole ya samo wa kansa ƙofar fada. Filin sukuwar Turawa ne ya cike wannan gurbi, kuma ba don haka aka share shi ba tun farko.

Turawan mulkin mallaka sun fara zama a Lokoja a 1900, suka taɓa Jebba, suka koma Zungeru a 1902. Zungeru ba ta yi musu daɗi ba saboda zafi da ciwo. Da layin dogo daga Baro ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912, sai Gwamna Lugga ya sa ido a kan inda dogo ya tsallake kogin Kaduna. Akwai ruwa rani da damina, akwai jirgin ƙasa, iskar wurin ta fi ta Zungeru sauƙi, ga shi kusan tsakiyar lardunan Arewa, kuma ba a ƙofar gidan wani babban sarki ba. Sojoji ne suka riga kowa tarewa. Bayan an haɗe Kudu da Arewa a 1914, hedikwatar Arewa ta taso gaba ɗaya zuwa Kaduna a 1917.

A wannan shekarar ta 1917 aka yi dokar tsara garuruwan bariki, kuma a nan ne asalin filin yake. Tsarin Lugga ya ce a raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, a bar tazarar yadi 440, wato kwatan mil, wadda ba a gina gidan kwana a cikinta. Hujjar da suka bayar ita ce sauro da zazzaɓi, amma kowa ya san akwai wariya a ciki. Irin waɗannan sarari da makamantansu a gefen bariki su ake mayarwa filin sukuwa da na folo, wato ƙwallon dawaki, da na golf, shi ya sa za ki ga kusan duk babban garin bariki a Nijeriya yana da filin sukuwa: Legas, Kano, Zariya, Jos. Na Kaduna yana zaune ne a tsakiyar ɓangaren hukuma, filin golf a maƙwabtansa, majalisar Lugard Hall ba nisa. Sunayen titunan da ke kewaye sun isa shaida. Titin Race Course yana nan da sunansa. Titin da yanzu ake kira Muhammadu Buhari Way, har gobe mutanen gari Waff Road suke ce masa, daga sunan rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma. Ki sa yara su karanta allunan titi a kan hanyarku ta zuwa, darasi ne mai zaman kansa. Kuma kada ki ɓoye musu cewa filin da suke shiga yau su yi wasa, an share shi ne a zamanin da kakanninsu ba sa shigarsa sai a matsayin masu riƙon doki ko 'yan kallo daga nesa.

Abin da ya rage da rai daga wancan zamanin shi ne wasan folo, ƙwallon dawaki. Kulob ɗin folo na Kaduna yana cikin harabar dandalin, kuma babban kofin gasarsa, wanda ake kira Georgian Cup, tun 1919 ake fafatawa a kansa. Da wuya ki sami wata gasar wasa a Nijeriya da ta kai shi daɗewa. Hafsoshin Turawa ne suka kawo wasan, amma bai daɗe a hannunsu su kaɗai ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi a farkon shekarun 1920, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da Turawan kansu suke sara wa, jikansa Janar Hassan Usman Katsina ya gāji sandar. Mutanen da suka tashi a kan sirdi ba su sha wahalar ƙwace wasan doki ba.

In za ki iya, ki nemi izini ki kai yara ɓangaren barga da yamma. Za su ga yaran barga suna naɗe ƙafafun doki da ƙyalle mai kauri tun daga ƙasan gwiwa har kusa da kofato, don kada sanda ko ƙwallo ta ji masa. Za su ga an kitse jelar an ɗaure ta tamau, an aske gezar, saboda kada sandar mahayi ta sarƙe. Ga harawa a jibge, ga dusa da ɗan kanwa a cikin kwano. Filin wasan tsawonsa yadi 300 ne, mutum huɗu-huɗu ake bugawa, kowane zagaye kimanin minti 7, kuma ana gama zagaye mahayi yake sauya doki, domin gudun da tsayawar bazata suna cin ƙarfin dabba. Yaron da ya ga wannan da idonsa zai gane dalilin da ya sa filin yake da wannan girma. Doki ne ya auna shi tun asali.

Yanzu ga abin da ya ɗaga darajar wurin daga filin wasan Turawa zuwa dandalin Arewa, wato hawan daba. A nan ina so ki bambance wa yara abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Hawan Sallah namu ne tun kafin zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru, a Kano ana danganta tsarinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A hawan Sallah sarki ɗaya ne a cikin garinsa, hakimansa suna gaishe shi, shi kuma yana gaida talakawansa. Hawan daba kuwa tara sarakuna da yawa ne a fili ɗaya, kowa da tawagarsa, su wuce a gaban wani wanda aka ɗora a sama da su duka. Wannan tsari daga Indiya Turawa suka kwaso shi, inda suka yi manyan irinsa a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Lugga kansa a Indiya aka haife shi, a can kuma ya yi aikin soja. Ya tara sarakuna a Kano a ranar 1 ga Janairu 1913, aka sake yin wani a Kano a 1925 don Yariman Ingila. Kayan hawan da kiɗan da jahin duk namu ne, amma wanda yake zaune a rumfa yana karɓar gaisuwa shi ne saƙon taron. Saboda haka duk hawan dabar da za ki ba yara labari, ki sa su tambayi wa ke cikin rumfa.

A farkon Fabrairu 1956 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce a cikin rumfar, da mijinta a gefe. Ta zo Nijeriya ranar 28 ga Janairu ta tafi 16 ga Fabrairu, kuma hawan da aka yi mata a filin sukuwa na Kaduna shi ne abin da aka fi tunawa a dukan ziyarar. Gwamnan Arewa lokacin shi ne Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa suke kira Mai Wandon Ƙarfe, Firimiya kuma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Arewa tana da larduna 12 a lokacin: Sakkwato, Katsina, Kano, Borno, Adamawa, Bauchi, Filato, Zariya, Neja, Ilori, Kabba da Binuwai. Aka kira su duka. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya zo, Shehun Borno ya zo, ga Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, ga Sarkin Katsina Usman Nagogo, ga mai masauki Sarkin Zazzau Ja'afaru. Ki tuna wa yara cewa ba zamanin tirela ba ne. Dawaki da yawa a ƙafa suka zo, ana tafe ana yada zango, wasu ayarin sun yi makonni a hanya. Dubban mutane da dubban dawaki da raƙuma suka sauka a garin da ko a lokacin bai kai rabin Kano ba, aka kafa musu sansani, aka nemo musu ruwa da ciyawa da itacen girki. Wannan aikin na ciyarwa da shayarwa, wanda ba ya fitowa a hoto, ya fi hawan kansa wuya.

Ranar hawa kowace tawaga da tsarinta. 'Yan bindiga a gaba, sai dogarai da jajayen riguna, sai 'yan lifida, su da dawakansu a lulluɓe cikin lifidin auduga mai kauri, kwalkwali a ka da gashin jimina yana rawa. Sai 'yan sulke. Sai hakimai kowa da zagaginsa. Can baya laima tana juyawa a kan sarki, kakaki yana kiran sunansa, algaita da tambari suna amsawa. Daga ƙarshe a share fili a kawo jahi. Mahaya su jeru a can ƙarshen fili, su saki linzami gaba ɗaya, ƙasa ta ɗauki rugugi, ƙura ta tashi, sai sun zo dab da rumfa kamar za su haye ta sannan su ja linzami, dawaki su durƙusa da ƙafafun baya suna zamewa, mahaya su ɗaga dunƙulallen hannu ko mashi sama. Jahi yana bukatar dogon fili miƙaƙƙe wanda ba komai a cikinsa, don doki ya sami inda zai kai ƙarshen gudunsa kafin a tsayar da shi. Ki tsayar da yara a gaban rumfar manyan baƙi, ki tura mutum biyu su tafi har ƙarshen fili su ɗaga hannu, sauran su ga ƙanƙantarsu daga nesa. Wannan tazarar da suke gani ita ce kayan tarihin da kika je nema.

Akwai wani abu da ake mantawa game da taron 1956. Ba mahaya kaɗai suka zo ba. Lardunan Filato da Binuwai da Kabba da kudancin Zariya sun kawo masu rawa da makaɗa da maharba a ƙasa, kowace al'umma da shigarta. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka kwana a gari ɗaya. Ga yaran Kaduna na yau, waɗanda a aji ɗaya za ki sami Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Bayarabe da Ibo, wannan ɓangaren labarin ya fi kusa da rayuwarsu. Har yanzu za ki ji tsoho yana lissafin shekarunsa da cewa an haife shi shekarar zuwan Sarauniya.

Shekara 3 bayan haka aka sake cika filin, amma ma'anar ta juya. Arewa ta karɓi mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959. Ba a zaɓi ranar da ka ba: ranar 15 ga Maris 1903 ce sojojin Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas har ya yi shahada a Burmi. Sardauna, wanda jinin Shehu Usmanu ne, ya so a karɓi mulki a ranar da aka rasa shi, bayan shekara 56. An yi babban bikin a watan Mayu, Duke na Gloucester ya wakilci Sarauniya, aka yi hawan daba a wannan fili. Dawakan su ne na 1956, sarakunan ma kusan su ne, amma wannan karon gwamnatin 'yan ƙasa ce mai gayya, Bature baƙo ne. A ganina ranar nan ce filin sukuwa ya tashi daga hannun bariki ya zama na mutanen Arewa, ko da yake sunan bai canza ba sai daga baya. Legas ma haka ta yi da nata: a filin sukuwarta aka sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960, daga baya aka gine shi aka kira shi Dandalin Tafawa Ɓalewa.

Sunan Murtala ya zo ne bayan shekaru masu nauyi. An kashe Sardauna a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966. A 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Jihar Arewa ta watse, Kaduna ta koma hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya kawai. Janar Murtala Ramat Muhammad, ɗan Kano, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa ta Zariya, ya hau mulki a ƙarshen Yuli 1975. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya mayar da jihohi 19, ya kuma ba da sanarwar sabuwar hedikwatar ƙasa a Abuja, kuma a wannan rabon ne jiharmu ta sami sunan Jihar Kaduna. Kwana 10 bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, aka harbe shi a Legas yana da shekara 37. Alhinin da ƙasa ta shiga ya sa aka raɗa wa wurare da dama sunansa, filin jirgin saman Legas da babban asibitin Kano suna ciki, tsohon filin sukuwa na Kaduna ma ya shiga sahu.

Bai daɗe da sabon sunan ba ya karɓi babban taronsa na uku. Bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya, FESTAC, an yi shi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, ƙasashe fiye da 50 suka halarta. Legas ce mai masauki, amma hawan daba Kaduna aka kawo shi, Janar Obasanjo yana shugaban ƙasa. Wannan karon mai karɓar gaisuwa soja ne ɗan Nijeriya, 'yan kallo kuma baƙi ne daga sauran Afirka da Amurka da tsibiran Karebiyan. Don saukar waɗannan baƙin aka gina otal ɗin Durbar a kusa da dandalin. Otal ɗin ya yi zamaninsa, ya shiga doguwar shari'a, ya zama kango, aka rushe shi a Janairun 2020. Ba zan shiga batun wa ke da gaskiya a shari'ar ba. Abin da ya dame ni shi ne ginin da ya fi kowanne alaƙa da hawan 1977 ya tafi, kuma ɗaliban da za ki kai ba su da abin da zai tuna musu cewa ya taɓa tsayawa a wurin sai bakin manya.

Daga nan tarukan sun yi yawa, zan taɓo kaɗan. Ranar 14 ga Fabrairu 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya yi babbar addu'a a wannan dandali, ya naɗa sabbin limaman coci a gaban ɗimbin jama'a. Kasuwar baje koli ta duniya ta Kaduna a nan ta yi shekaru tana ci kafin ta koma mazauninta na dindindin a kan hanyar Zariya, kuma iyayen ɗalibanki da yawa a nan suka fara ganin injin ban ruwa da tarakta da na'urorin da ba a saba gani a kasuwa ba. Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, kuma zauren wasanni na Umaru Musa 'Yar'aduwa yana cikin harabar. Faretin ranar 'yanci, na ranar ma'aikata, na ranar yara 27 ga Mayu, gangamin 'yan siyasa na kowace jam'iyya, wa'azi na Musulmi da na Kirista, duk filin ya gani. A nan aka rantsar da Malam Nasir El-Rufa'i a 2015, a nan aka rantsar da Sanata Uba Sani a 2023. Da Kaduna ta cika shekara 100 da zama hedikwata, a Disambar 2017, nan aka sake yin hawan daba.

Akwai dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan jerin da muhimmanci. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san abin da rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka yi wa garin. Mutane sun tashi daga unguwannin da aka haife su, kogi ya zama kamar iyaka, yara suka taso wannan bai san unguwar wancan ba. Wuraren da ɗan Rigasa da ɗan Sabon Tasha za su haɗu ba tare da ɗaya yana jin ya shiga yankin wani ba sun yi ƙaranci. Dandalin Murtala yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Ba masallaci ba ne, ba coci ba ne, ba fadar kowa ba ce. Rashin mai shi, wanda shi ne rauninsa a farko, shi ne ya zama ƙarfinsa.

Sabbin gine-ginen da kika gani sun fito ne daga aikin sabunta birni da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe dandalin da aka gyara a Janairun 2022. Zan faɗi ra'ayina a fili. Gyaran ya yi amfani. Wurin da a da yake cika sau 'yan kaɗan a shekara, sauran kwanaki ya zama kufai, yanzu kullum da mutane: masu motsa jiki da asuba, matasa masu ƙwallo, iyalai da yamma. Dandalin da ba a shiga mutuwa yake yi. Tsorona yana wani wuri. Fili irin wannan a tsakiyar gari kuɗi ne zube a ƙasa, kuma kowane shago da aka ƙara yana da hujjarsa mai kyau, kowanne ɗan gefe kawai yake ci. Tsakar gida darajarta a sararinta take, in aka yi ta yanka ɗaki ana ƙarawa, ranar biki ba inda za a shimfiɗa tabarma. Gadar ƙafa ta Lugga da ke Ƙofar Gamji, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa Kaduna, tana da kariyar doka tun 1956 a matsayin kayan tarihin ƙasa, domin ƙarfe ce da ake gani a taɓa. Sarari ya fi wuyar karewa, saboda wanda ya gina a kansa ba ya jin ya rushe komai. Abin da nake so in gani shi ne a shata iyakar babban filin da na folo a rubuce, a ce daga nan zuwa nan ba a gini har abada, a kuma tabbatar talaka yana iya shiga ya zauna ko ba zai sayi komai ba. Sannan abin da kika lura da shi da kanki, Malama, a magance shi: malama ta zo da niyyar koyarwa ta rasa abin da zai ba ta labarin wurin. Allo biyar ko shida da Hausa da Turanci, da hotunan 1956 da 1959 da 1977, ba za su ci kuɗin shago ɗaya ba. Hotunan suna nan, jaridun lokacin irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian sun ɗauka, kuma akwai ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a nan cikin Kaduna.

Game da tsarin ziyarar, ki fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ku fara da Lugard Hall ko daga waje ne, yara su ga ƙubbarta, ki gaya musu nan Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakunan Arewa suka zauna, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jiha ce. Daga nan ku shiga dandalin, ku tsaya gaban rumfa, ku yi gwajin tazarar nan, ki ba su labarin hawa uku ki bar su su faɗi bambancin wanda ke cikin rumfa a kowanne. In an ba ku izinin barga, ku leƙa. In mota da lokaci sun yarda, ku ƙarasa Gidan Arewa a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, wanda tun 1970 ya zama cibiyar binciken tarihi kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan tarihin Ali Akilu da kika ambata shi ma tsohon ofishin NPC ne, jam'iyyar Sardauna, aka mayar da shi gidan tarihi a 1975, don haka duk labari ɗaya ne.

Aikin gida kuma ki ba su wannan: kowa ya nemi dattijo ɗaya a gidansu ko unguwarsu ya tambaye shi ranar farko da ya shiga filin, me ya kai shi, me ya gani, a ina ya tsaya. Waɗanda suka ga hawan 1956 da wayonsu yanzu sun haura shekara 75, sun kuma yi ƙaranci. Na 1977 da na zuwan Fafaroma da na baje koli suna nan da yawa, a Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kabala da Kakuri. Su rubuta da harshen da aka ba su labarin, su sa shekarun mai maganar da ranar da aka yi hirar, ki tattara a fayil ɗaya ki ajiye a laburaren makaranta, ki kuma kai kwafi Gidan Arewa.